Ranar da Sarƙa Ta Ci Zanin Inna

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya jarrabe mu da ciwo kuma ya kawo mana sauƙinsa. Ni ba marubuci ba ne. Manomi ne a Adabka, da rani kuma nakan sayi hatsi in kai kasuwa a mashin. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne, tun da muka dawo daga jinya, duk mashin ɗin da ya wuce ni sai idona ya sauka kan tayar baya, kuma yawancinsu sarƙarsu a buɗe take kamar yadda tawa take a ranar. Ina so wanda ya karanta wannan ya tashi ya duba tasa.

Sunana Sahabi, ni ne ɗan farin mahaifiyata. Inna tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Tun da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni, kuma na kai shekara arba'in da ɗaya ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In za ta yi maganata sai ta ce "wancan". In tana son in zo, gyaran murya take yi sau biyu, ni kuma in taso. In muna zaune wuri ɗaya, ƙanwata Rakiya take yi wa magana, ni in tsinci nawa a ciki. Ban taɓa ɗaukar wannan rashin so ba, don na san wanda ake ɓoye wa dunƙulen fura mafi girma a gidanmu.

Laifina ya fara tun kafin ranar. Da damina lakar hanyarmu takan cushe cikin murfin sarƙa ta daskare, mashin ya riƙa kuka yana ƙin tafiya. Saboda haka da ruwa ya zauna kowa yakan kwance murfin ya ajiye, ya ce zai mayar da kaka. Ba mai mayarwa. Nawa ya yi damina biyu rataye a jikin rumbu, har zanzaro ya yi gida a cikinsa.

Ranar ana sunan jikar Kawu Mande, yayan Inna, a Gwashi. Ƙanena Bello ne ke ɗaukarta kullum, amma ya tafi wajen haƙar zinariya ta gefen Anka, sai abin ya faɗo kaina. Ta ɗaura sabuwar atamfar da na saya mata da Sallah, wadda ba ta taɓa ganin ruwa ba, mai santsi, ɗaurinta ba ya zama. Da za ta hau sai ta matsa can ƙarshen kariya, ƙarfen ɗaura kaya na baya, ta ajiye ƙullin kayanta tsakanina da ita don kada jikinmu ya haɗu. Wanda ya san mashin ya san nan ne daidai saman taya. Na gani, ban ce komai ba. Me zan ce? Inna, matso kusa da ni?

Mun je lafiya. A dawowa ne muka makara, don mata ba su gama sallama da wuri, kuma hanyar nan ba a bin ta bayan La'asar, kowa ya san dalili. Ga hadari ya haɗo ta gabas. Na murɗa mashin fiye da yadda ya kamata. Bayan mun haye wani mashigin ruwa muka shiga sarƙaƙiyar da ba a tsayawa a cikinta, sai na ji gyaran murya a bayana. Sau biyu. Na ji da kunnena, ba zan yi wa Allah ƙarya ba. Na ce a raina bari mu fita fili in tsaya.

Ba mu fita ba. Injin ya yi wani nishi, tayar baya ta ƙame, mashin ya watsar da mu.

Da na tashi na tarar zanin ya naɗe gaba ɗaya a haƙoran sarƙa, ya ja ƙafarta ta hagu ya cusa tsakanin sarƙa da taya. Naman diddigen ya ɗaye yana reto, idon sawun ya juya inda ba nan yake kallo ba. Inna ba ta yi kuka ba. Abin da take yi kawai, jan hijabinta take da hannu biyu tana son rufe ƙafafunta, don zani ya bar jikinta a gaban ɗan farinta. Na juya mata baya, na tuɓe rigata na miƙa ta baya, sai da na ji ta gama rufewa sannan na sa wuƙa na yanke zanin. Wasu Fulani biyu da ke dawowa daga kasuwa suka taya ni zare ƙafar, ɗayansu ya ɗaure ta da rawaninsa. Ban san sunayensu ba har yau. Allah ya saka musu.

Makon farko shi ne makon wautarmu. Mai kemis na garinmu ya wanke raunin, ya ɗinke shi, ya yi mata allura. Washegari Kawu Mande ya iso da mai ɗori. Mutumin ya ja ƙafar ya daidaita, ya shafa wani baƙin magani a kan ɗinkin, ya jera karare ya naɗe da tsumma tamau, ya ce kada a kwance sai bayan kwana bakwai. Zuciyata ba ta kwanta ba. Na ce ko a bar wurin raunin a buɗe, ko a kai ta asibiti a ɗauki hoton ƙashin.

Kawu ya dube ni sama da ƙasa. "Kai da kaj jawo muna wagga masiha, kai za ka hwaɗa muna yadda za a yi? Mutumen ga tun ba a haihe ka ba shika ɗori."

Na yi shiru. Mai laifi bakinsa nauyi gare shi, kuma wannan shirun ya fi cire murfin sarƙa cin raina in na tuna.

Kullum da safe nakan tsaya bakin ƙofarta in gaishe ta. Sai in ji ta ce wa Rakiya, "Ce mai, da sauƙi." Ni kuma in ɗauki fartanya in tafi gona da wannan sauƙin. A kwana na biyar na lura ƙudaje sun yi yawa a labulen ɗakin. A na shida Rakiya ta same ni har gona, ba ko takalmi a ƙafarta.

"Yaya, ka taho. Inna kwana biyu ba ta ci komi ba, jikinta awa garwashi. Ta hana ni hwaɗa maka. Kuma ƙahwag ga wari takai."

Ban nemi izinin kowa ba. Na shiga ɗakin da ban saba wuce ƙofarsa ba, na yanke tsumman. Ba zan bayyana abin da na gani ba, don wani yana iya karanta wannan yana cin abinci. Yatsun sun yi duhu, ƙaurin ya kumbura yana sheƙi, ɗinkin ya fashe da kansa. Muka shimfiɗa mata katifa a bayan a-kori-kurar da ke kai hatsi, muka nufi Gummi. Duk ramin da motar ta faɗa sai in ga ta cije gefen hijabinta.

A asibitin, wanda ba zan faɗi sunansa ba, mun yi layin kati tun hantsi har aka kira Azahar, tana kwance a benci mutane suna toshe hanci suna matsawa. Hoton ƙashi kuma sai da muka jira aka tayar da janareta. Likitan da ya duba ta gajere ne, matashi, Hausarsa ta koyo ce. Ya tambaye ni kwana nawa da faruwar abin. Na ce shida. Bai zage ni ba, kallona kawai ya yi, da ma zagin ya yi. Sai ya zaro biro daga aljihunsa ya zana layi ya zagaye ƙaurinta, ƙasa da gwiwa kaɗan, sama da inda ja da kumburi suka tsaya.

Ya ce, "Ka ga wannan layi? Za mu wanke, za mu cire naman da ya mutu, za mu ba da magani. Idan jan nan ya haye layin nan, mun daina ceton ƙafa, rai za mu ceta."

Wannan maganar ta zauna mini a kai har yau. Aka kawo takarda cewa na yarda a yi duk abin da ya kama, har da yankewa. Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba, na sa hannu. Aka ce tana bukatar jini, aka gwada nawa ya yi daidai, aka ɗiba. Na roƙi Rakiya kada ta gaya mata na wane ne.

Mako na biyu ba ni da wani aiki sai kallon layin biro. Ɗakin mata ne, ana barin maza su shiga da safe da kuma yamma. Da na shigo Inna takan ja mayafi ta rufe ƙafar, sai in tambayi Rakiya, ita kuma ta nuna mini da yatsu tazarar da ta rage tsakanin jan da layin. Ranar farko saura yatsa uku. Ta biyu saura biyu. Sau biyu aka shiga da ita tiyata aka kankare raunin. Komai sai an rubuto an ce je ka sayo a waje, auduga, ruwan wanke ciwo, allurai, har safar hannu. Raguna biyu da nake kiwo suka tafi a makon nan, tsohon geron da ke rumbu ya bi su. Akwai wata nas mai faɗan tsiya da ta kore ni gaban mutane don na zauna a gefen gado. Na ƙullace ta kwana biyu, har ranar da na leƙo na tarar ita ce ke tsefe wa Inna kai tana ba ta labari.

'Yan dubiya kuma kowa da likitancinsa. Wannan ya ce a shafa man kaɗanya, wancan ya ce akwai wani mai magani wajen Zuru da ke haɗa ƙafar da ta rabu biyu, wata ta ce ai sammu ne, don an ga Inna da sabon zani a gidan suna. Na ce mata sammun yana rataye a jikin rumbuna, ni na rataye shi da hannuna. Ba ta ƙara zuwa ba.

A ƙarƙashin bishiyar dogon yaron da masu jinya ke zama Rakiya ta ba ni labarin da ya ƙarasa ni. Ta ce Inna ta gaya mata tun daga mashigin ruwa ta ji ana jan zanin kaɗan-kaɗan. Ta sa hannu ta janyo, ya ƙi. Ta ga bakinsa yana shiga taya.

"Nic ce mata, Inna, don mi ba ki kira shi ba? Tac ce, da wane baki? Tac ce ta yi gyaran murya, ƙarar mashin ta hana ka ji."

Na ce, "Na ji."

Rakiya ta dube ni.

"Na ji, Rakiya. Sau biyu. Cewa niy yi sai mun hita hili."

Ta tattara kwanukan da ta wanke ta koma ciki, ta bar ni a wurin. Na ji kunya, na ji haushin kaina, kuma a karon farko a rayuwata na ji haushin al'adar da na tashi ina alfahari da ita. Kalma ɗaya ce tsakanin Inna da ƙafarta, kuma kalmar sunana ce.

A kwana na huɗu a asibiti Rakiya ba ta ɗaga yatsa ko ɗaya ba. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, yau sai na gani." Ta kawar da kai bango, na ɗaga mayafin. Jan ya taɓa layin, a wani gefen ma ba a rarrabe biro da fata. Likita ya zo ya danna wurin da babban yatsa, ya canza allura, ya ce gobe da safe za a yanke shawara, kada ta ci komai bayan Isha'i. Kowa ya gane abin da hana cin abincin ke nufi.

Da yamma Kawu Mande ya iso, labari ya kai masa. Ya tsaya tsakiyar ɗakin yana buga sandarsa a siminti.

"Ku ɗauko ta mu tahi gida. Ƙanwata da ƙahwa biyu taz zo duniya, da biyu za ta koma. Ba a yanka ta ina da rai."

Na ce, "Kawu, wancan karon na yi shiru. Wannan karon ba ni yi."

Ya ɗaga sanda kamar zai sauke mini. Nas ɗin nan mai faɗa ta ce mai ƙafa tana da baki, a tambaye ta mana. Inna ta daɗe fuskarta na bango. Da ta yi magana, ba ni ta kalla ba, ba Kawu ba.

"Wanda yas sa hannu ga takarda, shi ad da magana."

Kawu ya fita bai yi sallama ba. Ni kuwa da ta goyi bayansa da na fi samun sauƙi, don yanzu ta ɗora mini ƙafar gaba ɗaya, ni da na jefa ta cikin sarƙa.

Da gari ya waye ina bakin ƙofar ɗakin tun kafin mai shara ya gama. Likita ya zo da mutum biyu da gadon turawa. Ya ɗaga mayafin, ya sunkuya, ya daɗe yana dubawa, ya juya ƙafar ta nan ya juya ta can. Ni ina kallon aljihunsa ne, ban san dalili ba. Sai na ga ya zaro biron. Ya zana sabon layi, ƙasa da na farko da kamar faɗin ƙwayar masara. Ya ce wa masu gadon su mayar da shi, a ba Mama koko. Na zauna a ƙasa a wurin, nas ɗin kuma ba ta kore ni ba.

Daga nan layukan suka riƙa sauka. Kafin mako na uku ya ƙare ƙaurin Inna ya yi zane biyar, kowanne ƙasa da na gabansa. Amma jinya ba ta ƙare ba, wankin ciwo na kullum ya fi tiyata azaba, ina jin numfashinta daga waje. Likita ya ce a samo zuma tsantsa wadda ba a haɗa da sukari ba, za su riƙa sa wa a raunin da hannunsu. Na rasa inda zan samu wadda zan amince da ita. Bayan kwana uku sai ga Kawu Mande da galan, ya samo wajen wani abokinsa Bafulatani. Ya dire a gabana ya ce, "Ga ta nan, tunda ku likitoci kun koma ga namu." Wannan shi ne ban-haƙurinsa, na kuma karɓa.

Muna nan aka kawo wata mata daga wani ƙauye, hijabinta ya shiga tayar ɗan kabu-kabu ya shaƙe mata wuya ya fizgo ta ƙasa. Ita ba ta kai yamma ba. Mijinta ya zauna a inda nake zama a ƙarƙashin dogon yaro, riƙe da takalminta ƙafa ɗaya.

Mako tara muka yi. Gerona maƙwabta suka yi gayya suka girbe mini, Bello ya dawo ya kula da gida. Ƙafar ta tsira, amma idon sawun ya sandare, diddigen ya zama rabi, kuma Inna da sanda za ta ƙarasa rayuwarta, salla ma a zaune take yi. Na gode wa Allah, na gode wa likitan nan mai biro, da nas mai faɗa, da Rakiya da ta bar gidanta ta kwana a tabarma. Amma ba zan ce ba abin da muka rasa ba.

Ga abin da nake roƙon duk mai mashin. Ka mayar da murfin sarƙa, in laka ta cushe ka sauka ka ƙwaƙule, ba ta kai jinyar mako tara wahala ba. Kada ka tayar da inji sai ka waiwaya ka ga an tattare zani da hijabi da bakin babbar riga an danne a ƙarƙashin cinya, ƙafa biyu kuma suna kan mataki. Kada ka bar kowa ya zauna can ƙarshen kariya don kunya, ko surukarka ce. Raunin da ya buɗe kuma ba a naɗe shi a ce sai bayan kwana bakwai. In ka ji motsi ko tari a bayanka, tsaya a nan inda kake.

Ranar da aka sallame mu motar haya ta kawo mu har inda kwalta ta ƙare, sauran hanyar sai mashin. Bello ya zo da nasa, ya kuma sa aka kawo mini nawa, wanda na riga na aika aka kori zanzaro aka ɗaura masa murfinsa. Kowa ya ɗauka Bello za ta bi. Sai ta ce wa Rakiya, "Ce ma wancan shi matso da nashi."

Na durƙusa na tattare mata zanin da kaina, na cusa shi ƙarƙashin gwiwarta, na ɗora ƙafar mai ciwo a kan mataki. Ƙullin kayan na miƙa wa Bello. Na ce, ina kallon ƙasa, "Inna, don Allah, in kin ji wani abu, ki kira ni. Ba gyaran murya ba." Sai ta matso, ta kama bakin rigata ta baya da yatsu biyu.

Tafiyar hawainiya na riƙa yi, har su Bello suka yi mana nisa. Mun wuce gonakin dawa, mun gangara wani kwari, ban ji komai ba sai ƙarar inji. Sai na ji a bayana, a hankali, da muryar da na sani tun ina yaro:

"Sahabi."

Na taka birki har mashin ya nemi zamewa. Na diro na duba taya, na duba sarƙa, na duba zanin. Komai yana inda na sa shi. Na ɗago a tsorace.

Ta kawar da kai tana kallon dawar mutane. "Ba komi. So nikai in gani ko kana ji."

Na tsaya riƙe da kan mashin, na kasa hawa, hawaye na zuba a gaban rigata, ni da furfura ta fara fito wa a gemu.

Ta ce, "To, ka ji. Hau mu tahi, La'asar ta kusa."